Wanda Ya Ja da Baya a Titin Faisal

Titin Faisal ba shi da doka sai ɗaya, ita ma ba a rubuce take ba: in ka sa ƙafa a kwalta, kada ka ja da baya. Ka tafi yadda ka fara. Direba ya riga ya auna ka tun daga nesa, ya san inda za ka kai kafin ya iso, sai ya bi ta bayanka har iskar motarsa ta kaɗa maka riga. Kai ka riƙe naka alƙawarin, shi ya riƙe nasa. Da haka rabin Alƙahira ke fita da safe su dawo da ƙafafunsu.

Wagdi ya san dokar. A gidan shayin Ammu Ragab ma babu wanda ya kai shi iya bayaninta. Abin da ba ya faɗa shi ne, yana da shekara ashirin da ɗaya, ya gama sakandare shekara uku ke nan, gashin baki ya fito masa har yana gyarawa, amma bai taɓa tsallake titin nan shi kaɗai ba.

Yana da dabara. Sai ya tsaya a bakin titi yana latsa waya kamar mai jiran saƙo, har wani ya zo zai ƙetare. Sai ya laɓe a gefensa, ɓangaren da mota ba ta fitowa. In an kai dakalin tsakiya, inda motoci ke komawa tahowa ta dama, sai ya zagaya ta bayan mutumin ya koma ɗaya gefen. Har zaɓe yake yi. Mai ƙiba ya fi siriri. Mace mai tukunyar gas a ka ta fi mai ƙiba. Amma duk ba kamar tsohuwa ba, don babu direban da ke son a ce ya take uwar wani.

Ranar Talata da hantsi uwarsa ta yaye masa bargo.

"Tashi, basha, babban mutum. Tunda ba ka da ofis, gidan gurasa ma ofis ne. Goma, kuma kada ka kawo min ƙonanna."

Gidan gurasar yana ƙetare. Ya fita yana jan silifa. Bai yi minti biyu a tsaye ba Allah ya kawo masa Hajja Atiyat, maƙwabciyarsu, da sandarta da kwandon lalo. Shekararta saba'in da wani abu, 'ya'yanta maza uku masu shagon taya, kuma in ta ɗaga sandar nan ko motar soja sai ta rage gudu. A wajen Wagdi wannan ita ce babbar kadara a unguwar.

"Kawo kwandon, Hajja."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan Nadiya. Samarin yanzu ko kallon mutum ba sa yi."

Ya ɗan ji kunya. Ba irin wadda ke kashe mutum ba.

Rabin farko suka wuce lafiya lau, yana damarta, ita tana tare masa duniya. Suna hawa dakalin tsakiya ya yunƙura zai zagaya kamar kullum. Sai ta damƙe masa hannu.

"Ina za ka? Tsaya nan. Gwiwar nan ta dama ba ta da amana."

"Hajja, ta can zan fi riƙe ki da kyau."

"Ni ce mai gwiwar ko kai?"

Hannunta kamar awartaki. Kafin ya sake wata magana ta ja shi sun sauka, kuma a karon farko a rayuwarsa babu kowa tsakaninsa da motoci.

Ya ga farar tasi. Ya ga carbi yana lilo a jikin madubinta, ya ga sanƙon direban. Mutumin ko hon bai yi ba, don babu dalili: ya auna su, ya karkata zai bi ta baya. Kan Wagdi ya san haka sarai. Ƙafafunsa ne ba su taɓa zuwa gidan shayi sun ji laccarsa ba. Ya fizge hannu, ya dafa bayan tsohuwa ya tura don ya samu ƙarfin juyawa, ya koma baya, daidai wurin da direban ya ware wa kansa.

Abin da ya biyo baya ba hikima ba ce. Ya ga ƙarfe a gabansa, ya daka tsalle kamar kyanwar da aka watsa wa ruwa, ya saki kwando, ya rungume kansa da hannu biyu, ya ƙwala wa uwarsa kira. Motar ta ɗauke shi ta ƙugu ta ɗora a kan bonet. Kafaɗarsa ta daki gilashi. Burki ya yi ƙara, shi kuma ya mirgina ta gefe ya faɗo ƙasa. Ganyen lalo yana sauka a kansa ɗaya bayan ɗaya.

Ya jira mala'iku. Ammu Ragab ne ya zo, da tumbinsa da gwangwanin garin gahawa, ya dumbuza ya danna masa a goshi inda ya fashe. Wani ya fasa albasa ya cusa masa a hanci. Wata tana neman ɗura masa ruwan sukari. Ƙafafu ko'ina.

Can bakin titi Hajja Atiyat tana durƙushe tana buga ƙirji.

"Ya ture ni ya tari motar! Jama'a, yaron nan ya ba da ransa saboda ni!"

Ta ɗaya gefen kuma wata murya, ta dattijon direban, tana fitowa tsakanin mari da mari.

"Baya ya ja! Wallahi baya ya ja! Ku tambaye shi!"

Wagdi ya ji duka biyun. Ya rufe ido. Albasa ta ba shi hujja.

A asibiti likitan da ya duba hoton ƙashinsa bai fi shi da shekara shida ba, kuma da ganinsa bai yi barci ba tun jiya. Karaya ɗaya a hannun hagu, ɗinki biyar a goshi, sai ƙugu da ya yi baƙi kamar gindin tukunya.

"Sa'arka ƙafafunka ba sa ƙasa," in ji likitan. "Wanda ya dasa ƙafa ya tsaya ƙyam, ƙafafun ke fara karyewa, ko motar ta ja shi ƙarƙashi. Kai sama ka hau, ka kuma rufe kai. Raunin kai ne ke kashe mutane, ba na hannu ba. Wa ya koya maka?"

"Haka Allah ya yi ni."

Wannan kam gaskiya ya faɗa. Tun firamare in an ɗaga hannu a kusa da shi, ko gaisuwa ce, sai ya rufe kai.

Ya dawo gida ya tarar wani mutum daban ake jira. Matattakalar gidan cike da mata. Kwanoni suna shigowa: farfesun kaza, tattabaru da aka cusa wa shinkafa, har da miyar lalo daga gidan Hajja, wadda ya kasa kallo. Uwarsa ta sa baƙar rigarta ta zuwa biki tana zuba wa baƙi shayi.

"Tun yana ƙarami haka yake," take cewa. "Bai cika magana ba, amma zuciya ce da shi."

Shekara uku rabon da ta faɗi wata magana a kansa wadda ba ta ƙare da ajiyar zuciya ba. Ya kwanta yana kallon silin. Ya ce gobe zai faɗa mata.

Gobe ta zo da Gabir, babban ɗan Hajja, ƙato mai baƙin mai a ƙarƙashin farce. Ya zauna a bakin gado har katifa ta lotsa.

"Ran da aka cire maka filastar nan, akwai kujera a shagonmu. Ba taya za ka ɗauka ba. Zama za ka yi kana amsa waya. Wanda ya tare wa uwata mota ba zai sake yawo ba aiki ba ina raye."

Wagdi ya ce Allah ya saka. Ya ɗage faɗin gaskiya zuwa jibi.

Da farko in an ce ya ba da labari sai ya ce bai tuna ba. Rana ta uku ya fara tunawa. Rana ta huɗu har ya tuna cewa ya kalli furfurar Hajja sai ta yi masa kama da kakarsa. Bai taɓa ganin kakarsa ba. Abin haushin shi ne, yana faɗa yana jin ƙwalla na taruwa masa da gaske.

Direban kuwa, Usta Subhi sunansa, kwana huɗu ya yi a hannun 'yan sanda. Shaidu goma sha ɗaya sun sa hannu cewa a guje ya zo ya afka wa tsohuwa. Aka sake shi, amma an riƙe lasisinsa da motar sai an gama shari'a, ko kuma a yi sulhu. Manyan unguwa suka sa ranar Lahadi bayan la'asar, a gidan shayin Ammu Ragab. Tsarin sananne ne: mai laifi ya amsa laifinsa, ya sumbaci kan wanda ya cuta, a karanta Fatiha, a sha shayi, a je a janye ƙara.

Wagdi ya ga hanya ta buɗe. Zai yafe. Dattijo ya samu motarsa, shi ya riƙe kujerarsa, kowa ya ci riba. Har ya gwada a madubi: kai a ɗan sunkuye, murya ƙasa-ƙasa, "Na yafe don Allah." Ya yi kyau ƙwarai. Filastar ma ta ƙara masa kwarjini.

Ranar Lahadi aka jera kujeru har bakin titi. Aka zaunar da shi a tsakiya. Gabir da ƙannensa biyu a dama. Hajja Atiyat, wadda shekarunta sun ba ta izinin zama inda ta ga dama, aka sa mata kujera a bakin ƙofa. Usta Subhi ya zo shi kaɗai. Siriri ne, ya haura sittin, rigarsa a goge, idonsa na hagu har yanzu a kumbure. Ya yi sallama ya zauna ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Ammu Ragab ya yi salati, ya yi jawabi a kan ƙaddara da maƙwabtaka har shayin farko ya huce. Sannan ya ce, "To, Usta. Ga yaro, ga kansa. Bismillah."

Wagdi ya sunkuyar da kai kamar yadda ya gwada.

"Na yafe don—"

"Ajiye yafiyarka, ɗana," in ji Usta Subhi. "Za ta yi maka amfani a wani wurin. Tambaya ɗaya na zo da ita. Gaba ka yi ko baya?"

Gabir ya miƙe, kujerarsa ta faɗi.

"Kai tsoho, rashin kunyar taka har ta kai nan? An ce za a yafe maka kana ciniki?"

"Zauna, Gabir, zauna," in ji Ammu Ragab. "Usta, don girman Allah. Kan yaro ne kawai, an ma wanke shi. Sumbata mu sha shayi."

"In na sumbata, na ce ni na yi."

"To sai me? Magana ce. Kowa yana faɗa."

"Shekara talatin da huɗu ina tuƙi a garin nan," in ji dattijon, bai ɗaga murya ba. "Ko kyanwa ban taɓa takawa ba. Mutum yana gabana, ina bi ta bayansa, haka aka koya min, haka na koya wa wasu. Kwana biyar ke nan ina juya abin a kaina. In yaron nan gaba ya yi kuma na same shi, to idona ya mutu, ko an ba ni makulli ba zan karɓa ba, kada in kashe ɗan wani. In kuwa baya ya yi, a faɗa min. Shi ke nan abin da nake so in sani."

"Kotu za ta faɗa maka," in ji Gabir. "Kuma ko ka fito, ba za ka sake ɗaukar fasinja a Faisal ba."

Wagdi ya dubi mutumin. Da zaginsa ya yi, da ya fi sauƙi. Amma idon nan ɗaya mai lafiya ba tuhuma a cikinsa. Tambaya ce da gaske. Tsohon ya fara shakkar kansa.

Wagdi ya gyara zama.

"Baya," ya ce.

"Me ka ce?"

"Baya na ja. Usta ya bi daidai. Ni na shiga gabansa."

Sai wani daga baya ya ce, "Allahu akbar! Kun ga tarbiyya? Yana so ya ceci tsohon!"

"Ɗan halas!"

"Ya tari mota, yanzu kuma zai tari laifi!"

Hajja Atiyat ta fashe da kuka tana sa wa cikin da ya haife shi albarka. Gabir ya dafa kafaɗarsa, mai ciwon, ya ce, "Ka yi naka, ƙanena. Amma ba za mu bari ka yi ƙarya don wannan ba."

Wagdi ya zauna yana mamakin sa'arsa. Ya faɗi gaskiya, an ƙara masa girma. Ko a mafarki bai tsara haka ba. Abin da ya rage kawai ya yi shiru. Sai ya ga Usta Subhi ya sunkuyar da kai yana kallon tafin hannunsa, kamar wanda aka miƙa wa sadaka a gaban 'ya'yansa. Shi ma bai yarda ba.

Wani abu ya taso masa, ba jarunta ba, haushi. Sau ɗaya a rayuwarsa ya yi abin kirki, an ƙi karɓa.

"Ammu Ragab," ya ce. "Ranar Juma'a in za ka ƙetara zuwa masallaci, wa kake gani a gefenka?"

"Kai mana. Har na ce wa uwarka yaron nan ya fara son ibada."

"Ka taɓa ganina a cikin masallacin?"

Ammu Ragab ya sosa ƙeya.

"Shagon cajin waya nake zuwa. Tumbinka nake bi. In mota ta zo, kafin ta gama da kai ta gaji."

Wani ya yi tari a cikin kofinsa.

"Kai kuma mai aski, matarka duk ran da ta ɗauko tukunyar gas ina gefenta. Ba taimako ba ne. Babu direban da ke son wuta. Malam mai koyar da lissafi, kai ba ka da auki, sai in babu kowa. Gabir, kai ma na bi ka sau biyu, amma kana da sauri, ba ka da daɗin bi." Ya juya bakin ƙofa. "Hajja, ke ce ta ɗaya a unguwar nan. Shekara biyu ina jiranki a bakin titi. Ran nan kika riƙe ni a gefen da ba nawa ba."

Hajja Atiyat ta daina kuka. Ta goge ido da bakin mayafi, a hankali.

"Wato tura ni ka yi."

"E."

"Ba ceto ba."

"Wallahi ko tunawa da ke ban yi ba, Hajja."

"Kakar taka fa? Furfurar?"

"Ban taɓa ganinta ba."

Ta dogara sanda ta miƙe. Mutane suka buɗe mata hanya. Ta zo ta tsaya a kansa tana numfashi.

"Kwana biyar ina sa ka a sujada. Da sunanka da na uwarka. Maido min addu'ata!"

"Hajja, ta yaya—"

"Ban sani ba! Yadda ka karɓa!"

Sandar ta tashi. Ta duba filasta, ta duba ɗinki, ta zaɓi cinya. Ya yi ƙara. A nan ne gidan shayin ya fashe. Mai aski yana dariya yana zagi a lokaci guda. Ammu Ragab ya riƙe tumbinsa da hannu biyu kamar yanzu aka gaya masa yana da shi. Gabir bai yi dariya ba. Ya kama hannun uwarsa, ya yafito ƙannensa, suka fita. Bai ce komai a kan kujera da waya ba. Ba sai ya ce ba.

A benen da ke kallon gidan shayin akwai baranda ta uku daga hagu, da uwarsa a tsaye cikin baƙar riga. Wagdi bai ɗaga kai ba.

"To," in ji Ammu Ragab da ya samu numfashi, "an dafa shayi, an jera kujeru. Dole dai a sumbaci kan wani."

Wagdi ya tashi yana ɗingishi. Sanƙon Usta Subhi yana ƙamshin turaren lemun tsami na masu aski. Ya sumbata. Dattijon bai ce na yafe ba. Ya dai saki wani dogon numfashi, ya ɗauki kofinsa da ya huce ya shanye.

"Ofishin 'yan sanda suna canjin aiki ƙarfe shida," ya ce. "Tashi."

Jami'in da suka samu yana cin gyaɗa a kan fayil. Ya saurara da rabin kunne, ya jawo sabuwar takarda, ya busa ɓawon gyaɗa daga kanta.

"Shaidu goma sha ɗaya sun ce gaba ka yi."

"Ba su ne a cikin ƙafafuna ba, ranka ya daɗe."

Jami'in ya dube shi ta saman tabarau. Ya rubuta suna, ya rubuta shekaru. Da ya zo wurin sana'a ya jira, sannan ya ja layi.

"Ka ja da baya da kanka, babu wanda ya ture ka?"

"Babu."

"Taku nawa?"

"Ɗaya."

"Biyu," in ji Usta Subhi daga kan benci, yana kallon bango.

Alƙalami ya tsaya. Jami'in ya dubi wannan, ya dubi wancan.

"Biyu," in ji Wagdi.